Takardar Sawakin

Agogo ɗaya ne a gidanmu na unguwar Jarwal, ɗan ƙarami mai ƙararrawa biyu a ka. Wani alhaji ne ya bar wa Baba shi, shekarar da Baba ya yi wata guda yana kai musu ruwa masauki. Mazauninsa kan akwatin Umma, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Kullum aka kira magariba, kafin Baba ya fita masallaci, sai ya ɗauke shi ya murɗa hannayensa biyu su haɗu a kan sha biyu. Haka kowa yake yi a Makka a lokacin. Faɗuwar rana ita ce ƙarfe sha biyu, daga nan ake fara ƙirga. Isha'i wajen ɗaya da rabi, azahar wajen shida, la'asar tara da rabi. Mu 'yan makaranta ƙarfe biyu na safe muke shiga aji, rana ta riga ta hau kan duwatsu.

Ina aji huɗu a shekarar da abin ya faru, ba a daɗe da buɗe wa 'yan mata makarantu ba. Ni kaɗai ce a gidan nake karanta Larabcin da aka buga da inji. Baba ɗan ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane. Yana karanta Alƙur'ani, amma takardar ofis sai ya miƙo mini. Ni kuwa magana ce take yi mini nauyi. In baƙo ya shigo, ƙafafunsa nake kallo. Na san takalmin kowa a lungunmu. Kaka, mahaifiyar Baba, Malama Shiru take ce mini.

"Malama Shiru, yau me aka koya muku? Ko shi ma sirri ne?"

Kaka tana soya gyaɗa ta zauna da ita a bakin lungu. Ta haura shekara talatin a Makka, ba ta da takardar zama, kamar yawancin mutanenmu da suka zo da ƙafa suka zauna. Ƙanenta da ke wani ƙauye kusa da Kano ya sha aiko saƙo ta bakin alhazai cewa ta komo gida a ga juna. Kullum amsarta ɗaya ce, wa zai bar maƙwabtakar Ɗakin Allah da tsufansa.

Bayan aikin hajjin shekarar aka baza labari cewa jirgin ruwa zai kwashi marasa takarda daga Jidda zuwa Ikko. Kaka ba ta ko ɗaga kai ba. Sai da maƙwabciyarmu, wadda za ta tafi da mijinta da 'ya'ya uku, ta ce ai an ce jirgin zai yini a Bur Sudan ya ɗebi ruwa da wasu mutanen. A nan Kaka ta ajiye matsamin gyaɗa.

"Yini guda?"

"Haka aka ce, Inna."

Da yamma ta ce wa Baba ya je ya rubuta sunanta.

Baba ya yi ta roƙonta kwana biyu. Umma ta yi kuka. A rana ta uku, muna zaune muna ɓare gyaɗa a tsakar gida, Kaka ta ba da labarin da ban taɓa ji ba. Shi kansa Baba gutsurensa kawai ya sani.

Shekara uku suka yi a hanya, ita da kakanmu da yara biyu. Baba yana goye. Babbar kuwa mace ce, 'yar fari, shekararta bakwai lokacin da suka iso bakin teku. Kaka ba ta taɓa faɗin sunanta ba, ko a ranar. 'Yar fari ce, ana kunyarta, ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita a gaban mutane. "Yarinyar nan" take cewa. Yarinyar nan tun daga Kano take tambaya ko an iso. Kowane gari mai masallaci babba sai ta tambaya. Ubanta ne yake amsa mata, saura kaɗan.

Sawakin tsohon gari ne a kan tsibiri, inda mutanenmu suke jiran jirgin da zai ƙetarar da su. Tun lokacin masu garin sun fara watsewa zuwa sabuwar tasha, Bur Sudan, sun bar dogayen gidaje na farin dutsen teku babu kowa ciki sai kyanwoyi. A ɗaya daga cikin gidajen su Kaka suka fake tare da wasu iyalai. A nan zazzaɓi ya kama yarinyar. Tana kwance tana kallon tagogin katako masu sassaƙa, irin waɗanda ke tsofaffin gidajen kusa da Harami, sai ta juyo ta tambayi Kaka, ba ubanta ba.

"Nan ne Makkar?"

Akwai mutane a ɗakin. Kaka ta kawar da kai.

Kafin asuba yarinyar ta cika. Da ma'aikatan lafiya sun ji an mutu da zazzaɓi, da sun tsare duk mutanen gidan, hajjin shekarar ya wuce su. Saboda haka mazan suka haƙa rami a gindin bangon gidan ta baya, suka yi mata salla su biyar, suka rufe, suka baje ƙasar. Da hantsi suna cikin jirgi.

"Ba kuka zan je in yi ba," in ji Kaka. "Amsa ce ban bayar ba. In zuba mata zamzam, in ce mata mun iso. Shi ke nan."

Baba bai ƙara cewa kada ta tafi ba. Abin da ya ce shi ne, in dai za ta sauka daga jirgin, to sai an tsara komai a rubuce, domin ba zai yarda uwarsa ta ɓace a ƙasar da ba ta da kowa ba.

Wakilin da ke rubuta sunaye Bahaushe ne haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya zo unguwarmu ranar wata Alhamis, ya zauna a kan benci a ƙofar mai shayi, mutane suka kewaye shi. Baba ya tafi da ni don in karanta abin da za a ba shi. Takalmin wakilin baƙi ne mai igiya, igiyar hagu an ɗaura ta da ƙulli inda ta tsinke. Da na ɗaga ido kaɗan sai na ga agogo biyu ne da shi, ɗaya a kowane hannu. Na hagu yana nuna tara, daidai da namu na gida. Na dama yana nuna uku.

"Malam, jirgin nan in ya tsaya a Bur Sudan, ana barin mutum ya sauka?" in ji Baba.

"Ana bari, ya sheikh, in ya karɓi takardar sauka. Wa zai sauka? Hajiya? Kasuwa za ta ci?"

"Ziyara ce. Yaushe yake isa, yaushe yake tashi?"

"Da safe ya isa. Ƙarfe huɗu ya tashi. Jirgi ba ya jiran ko ɗan sarki, balle Hajiya mai gyaɗa. Yalla, wa ke biye?"

Da ya ce ƙarfe huɗu, ya ƙwanƙwasa gilashin agogo da farce sau biyu. Na dama ya ƙwanƙwasa. Na gani, na ajiye shi a raina tare da igiyar takalmin, ban san amfaninsa ba.

A hanyar gida Baba yana ta lissafi a fili. Huɗu na rana hantsi ne, ba zai yiwu jirgi ya iso da safe ya tashi da hantsi ba, alhali an ce yini zai yi. Ashe huɗu na dare ne, awa huɗu bayan magariba. Fuskarsa ta saki.

"Allah Ya yi wa Inna gata. Yini cur, har da ƙarin dare."

Akwai wani tsoho mai wankin kaya a unguwar Misfala wanda ya biyo ta Sawakin shekara biyu da suka wuce. Baba ya gayyato shi gida ranar Juma'a bayan la'asar, Umma ta dafa shayi. Na yago takarda daga tsakiyar littafin makarantata, na fere fensir, na zauna a bayan Kaka.

Tsohon ya ce daga bakin tashar jirgi a bi bangon kwastan har a ga kasuwa, a bayanta ake samun lori. Lori ba ta tashi sai ta cika. Tafiyar awa biyu ce in ba ta lalace ba, kuma takan lalace. In an isa akwai babbar ƙofa, daga nan 'yar siririyar hanya ta ƙetara ruwa zuwa tsibirin.

"Amma Hajiya, garin nan fa ya zube. Ni da na gani, rabinsa tarin dutse ne. Ko akuya sai ta duba inda za ta taka."

"Gidan yana da taga uku a jere, ta tsakiya ta fi girma," in ji Kaka. "Ƙofarsa tana kallon ruwa. Daga bayansa ana hango hasumiyar masallaci ta hannun dama."

"Hajiya, kowane gida a can ƙofarsa ruwa take kallo. Tsibiri ne."

"Kai wanki ka iya, ba neman gida ba. Zan gane shi."

Suka yi dariya, har Umma. Baba ya fara faɗa ina rubutawa. Ya ce a rubuta da lokutan salla, don duk wanda Kaka ta nuna wa takardar ya fahimta. Ta sauka da safe, ta nemi lori. Ta yi azahar a masallacin bakin ƙofa. Kada ta shiga tsibirin da tsakar rana, ƙafafunta ba za su ɗauki zafin dutse ba, ta zauna a inuwa ta ci abin da Umma za ta ƙulle mata. Sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ta ƙetara ta nemi gidan. Ta yi magariba a bakin ƙofa, ta hau lorin ƙarshe. Jirgi sai can bayan isha'i da nisa. A saman takardar ya sa na rubuta roƙo ga duk Musulmin da ya karanta, ya taimaki wannan tsohuwa don Allah.

Na karanta musu daga farko zuwa ƙarshe. Baba ya karɓa ya duba ta kamar yana karantawa, ya ce rubutun ya yi kyau. Bai saba faɗin irin wannan ba.

Malamar ajinmu 'yar Masar ce, abla muke ce mata kamar sauran malamai mata. Tana da ƙaramin agogo mai zinariyar sarƙa. Na daɗe da lura cewa ba ya tafiya daidai da agogon bangon makaranta, na ɗauka lalacewa ya yi. Ranar Asabar ta sunkuyo tana gyara mini rubutu daidai lokacin da aka kira azahar. Agogon bango yana nuna shida da 'yan mintuna. Nata yana nuna sha biyu da 'yan mintuna. Tsakaninsu awa shida, kamar tsakanin hannayen wakili biyu.

Kwana uku ina shirya tambayar. Ran Talata na tsaya a bakin teburinta bayan kowa ya fita, har sai da ta ɗago.

"Na'am, ya binti? Kina da murya ashe."

"Abla, agogonki na ina ne?"

"Na ko'ina ne, ban da nan. Ku ne kuke fara ƙirga daga magariba. Sauran duniya daga tsakar rana da tsakar dare."

"Jirgin ruwa fa?"

"Jirgin ruwa ina ruwansa da magaribar Makka? Irin nawa yake bi."

"Ƙarfe huɗu a irin naki, yaushe ne?"

"La'asar, ko bayanta kaɗan. Me ya sa?"

Na ce ba komai. Na fita da gudu, na manta jakata a aji.

La'asar. A takardar da na rubuta, lokacin ne Kaka za ta miƙe daga inuwa ta fara ƙetarawa tsibirin.

Na yi niyyar gaya wa Baba a ranar. Ya dawo gab da magariba, kafaɗarsa ta yi ja inda sanda take zama. Ya ɗauki agogo yana jiran kiran salla. Na tsaya kusa da shi.

"Baba, agogon jirgi..."

"Jirgi ma yana da agogo, babba. Miƙo mini buta."

Na miƙa masa buta. Sauran maganar ta maƙale. Ina tsaye sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi kunyar nauyi. In Baba ya san la'asar jirgin zai tashi, zai zauna ya lissafa. Layin takardar sauka, jiran lori ta cika, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, da lalacewar da tsoho ya ce. Abin da zai rage bai kai a sha shayi ba. Zai ce ba za ta sauka ba, kuma zai gaya wa mijin maƙwabciyarmu ya tsare ta. Kaka za ta bar Makka, ta tsaya a kan jirgi tana kallon ƙasar Sudan daga nesa, ta wuce.

Washegari na je na zauna kusa da ita a bakin lungu, inda take sayar da gyaɗarta ta ƙarshe. Na faɗa mata duka ina kallon farantin. Agogo biyu, farce, abla, la'asar. Ba ta katse ni ba. Wani yaro ya zo ya sayi gyaɗa, ta ƙulle masa ta ƙara masa gyara, ya tafi.

"Ubanki ya sani?"

"A'a."

"To, Malama Shiru, yau shirunki ya yi rana. Ki riƙe shi."

"Kaka, jirgin zai tafi ya bar ki."

"Ni da na zo daga Kano da ƙafa, lori ce za ta gagare ni? In sauka da wuri, in shiga da rana tsaka, in zuba ruwana, in juyo. Magana ɗaya ce zan faɗa, ba huɗuba ba."

"In ba ki ga gidan ba fa?"

"Sai in juyo."

"Ki rantse."

Ta dube ni ta yi dariya, ta ja kunnena. "Ji 'yar nan. Wa ya taɓa rantsar da kakarsa? Na ce zan juyo."

Ba ta rantse ba. Na lura da wannan ma.

Tunda ba ta karatu, sai na yago wata takardar na yi mata zane. Na zana mace tsaye, inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafafunta, kusa da ita lori. Na zana macen kuma, inuwarta ta kai tsawonta, kusa da ita jirgi yana hayaƙi. Na nuna mata a bayan ɗaki.

"In inuwarki ta shige ƙafarki, ki nemi lori. Ko kin ga gidan ko ba ki gani ba. In ta kai tsawonki, jirgi ya tashi."

"Wannan ce ni? Kin rage mini ƙiba."

Ta ninke ta ƙanana, ta sa a lalitarta, ba a inda ta sa takardar Baba ba.

Kwana huɗu bayan nan suka tafi. Motar Jidda ta tsaya a bakin titi da sassafe. Akwatin Kaka na ƙarfe ne kore, a ciki akwai dabino da turare da yadin da ta saya wa ƙanenta da babban tulun zamzam da aka liƙe bakinsa da dalma. Ƙaramin gwangwanin zamzam kuwa ta ɗaure shi a gefen zaninta. Baba ya maimaita mata tsarin sau biyu a bakin mota. Kada ta shiga rana, ta jira la'asar. Tana cewa to, to. Da ta zo kaina ta dafa kaina kawai, ta ce in riƙa cin abinci.

Wata uku babu labari. Sannan wasiƙa ta zo daga Kano, maƙwabciyarmu ce ta sa aka rubuta mata da ajami. Baba ya karanta da kansa, a tsaye.

Ta ce jirgi ya isa Bur Sudan da sassafe. Wani ma'aikacin jirgi ya tsaya a bakin tsani yana gaya wa duk mai sauka ya dawo kafin la'asar. Ta ce ta riƙe hannun Inna ta ce mata lokacin ba zai isa ba, Inna ta ce ta ji, ta zare hannunta ta sauka. Da la'asar jirgi ya yi kuka sau uku. Mijinta ya roƙi ma'aikata, suka ce ba a jira. Sun tsaya a bakin ƙarfe suna duban kowace mace da ke tahowa, har aka janye tsani, har mutanen tashar suka koma kamar tururuwa. Akwatin kore ya isa hannun ƙanen Inna lafiya, ba a buɗe shi ba.

Baba ya tafi Jidda washegari ya nemo wakilin. Ya dawo bayan kwana biyu, ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba.

"Huɗu na agogon Nasara ne," ya ce wa Umma. "Ya ce kowa ya san jirgi da agogon Nasara yake tafiya. Kowa ya sani ban da ni. Ni na ce ta zauna a inuwa ta jira la'asar. Da bakina."

"An faɗa musu a bakin tsani," in ji Umma. "Wasiƙar ta ce an faɗa."

"Inna za ta bar maganar ɗanta ta bi ta baƙo? Takardata ta bi."

Ina bakin ƙofar ɗaki ina jin su. Na buɗe baki. Na tuna hannunta a kunnena. Na rufe.

Shekarar nan Baba ya rame. Ba shi da takardar da zai ƙetara teku ya dawo, kuma in ya tafi ba mai ciyar da mu. Duk wanda ya ji zai bi ta Sudan sai ya je ya same shi ya kwatanta masa Kaka, tsagen fuskarta da haƙorinta na gaba da ya karye. Yana murɗa agogo kullum da magariba kamar da, amma ya daina kallonsa in yana yi. Ni kuma na daina zama inda yake. Kowane wata sai in ce gobe zan faɗa. Da shirun ya yi tsawo sai ya zama abu na biyu da zan amsa laifinsa.

Da alhazai suka fara isowa a shekara mai zuwa, wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu da hantsi. Dogo ne, Bahaushe mazaunin Sawakin, takalminsa na tayar mota. Ya ce tun jiya yake tambayar gidan ɗan ga-ruwan Jarwal wanda uwarsa ta tafi a jirgi. Baba ya shimfiɗa masa tabarma. Umma ta tsaya a bayan labule, ni ina gefenta.

Ya ce shi mai shayi ne a bakin babbar ƙofa. Kaka ta sauko daga lori rana ta ɗaga, ta ji yana Hausa, ta sha ruwa a wurinsa, ta ce ya kira ta in an yi azahar, ta ƙetara. Da aka kira salla ya bi ta. Ya same ta a tsaye a tsakiyar tarin duwatsu tana juyawa. Babu taga ko ɗaya a wannan gefen, an ciccire katakon tuntuni, bangayen sun zube a kan juna. Ya ce mata ga lori tana shirin tashi.

"Ta ce mini saura gida ɗaya ta duba. Na koma na roƙi direba ya ɗan jira. Na dawo, ta ce saura ɗaya. Har lori ta tafi."

Matarsa ce ta ɗauke ta. Wata huɗu ta yi a gidansu, tana soya musu gyaɗa suna sayarwa tare da shayi. Ya ce ya yi mata maganar a rubuto wasiƙa Makka, ta ce a bari sai ta gama. Kullum da safe sai ta ƙetara tsibirin da gwangwaninta. Duk bangon da ta ga zai iya zama shi, sai ta tsuguna a gindinsa ta ɗiga zamzam kaɗan ta yi magana.

"Na tambaye ta me take cewa. Ta ce tunda ba ta san wanne ne ba, kowanne tana gaya masa. Ruwan ya ƙare, ta ci gaba da zuwa haka nan. Da sanyi ya shigo tari ya kama ta. Kwana tara. Mun yi mata sutura, tana maƙabartar gari. Allah Ya jiƙanta."

Umma ta fashe da kuka a bayan labule. Baba ya ce amin, ya ce amin kuma. Mutumin ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a gabansa. Carbinta ne, da gwangwanin da babu komai ciki, da takarda biyu.

Baba ya buɗe ta farko, ya gane ta, ya ajiye. Ya buɗe ta biyu. An ninke ta an buɗe har ta kusa rabuwa a kan layukan. Ya daɗe yana kallon matan biyu da inuwarsu, da lori, da jirgi mai hayaƙi. Ya ɗauko ta farkon ya haɗa gefensu. Layukan shuɗi iri ɗaya ne, yagewar ma daga littafi ɗaya.

Ya raka baƙon bakin titi ya dawo. Sannan ya kira ni. Na fito na durƙusa, ina kallon ƙafafunsa. Duk sun tsattsage saboda ruwa.

"Yaushe kika sani?"

"Kwana biyar kafin su tafi."

"Ita ta ce ki yi shiru?"

Na gyaɗa kai.

"Kafin su tafi ke nan. Bayan nan fa? Shekara guda ina..." Bai ƙarasa ba.

Hawaye yana sauka a kan gwiwata.

"Da kin faɗa, da na hana ta sauka."

"Na sani, Baba."

"Da yanzu tana gidan ƙanenta."

Ya ninke zanen a kan tsofaffin layukansa, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Takardar da ya faɗa na rubuta kuwa ya bar ta a kan tabarma. Ya ɗauki sandarsa da garwayensa ya fita, ko da yake rana ta take, ba mai ɗiban ruwa a irin wannan lokaci. Ina jin ƙarar su, babu komai a ciki, har ya sha kwanar lungu.